Ciwon sugan yara: Me ke sa garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya?

Idan aka ambaci ciwon suga, yawancin mutane dattijo mai ƙiba suke tunawa, wanda likita ya hana shi shan zaƙi. Amma akwai wani nau'in ciwon da ke kama yaro ɗan shekara biyu, ko siririyar yarinya 'yar firamare wadda ba ta taɓa kwanciya asibiti ba.

Shi ne likitoci ke kira ciwon suga nau'i na ɗaya. Wanda ya kamu da shi ba shi da makawa sai ya riƙa yin allurar insulin kullum, har ƙarshen rayuwarsa.

Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2022 a ɗaya daga cikin mujallun likitanci na Lancet ya nuna cewa a 2021 mutum miliyan 8.4 ne ke ɗauke da wannan nau'i a duniya, kuma miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai shekara 20 ba.

Shan alewa ko rake ba ya kawo shi, kuma ba sakacin uwa ba ne. Garkuwar jikin yaron ce da kanta take hallaka ƙwayoyin da ke samar masa da insulin. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari.

Kusan shekara 60 ke nan masana garkuwar jiki a Turai da Amurka suna bin diddigin dalilin wannan juya baya. Babban abin da suka gano shi ne ɓarnar takan fara watanni ko shekaru kafin yaro ya nuna wata alama, kuma ana iya ganin sawunta a cikin jini tun yana wasansa lafiya lau.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A bayan tumbin mutum akwai wata doguwar gaɓa da ake kira fankiriyas. Mafi yawan aikinta samar da ruwan narkar da abinci ne, amma a warwatse a cikinta akwai wasu ƙananan curi na ƙwayoyin halitta da masana ke kira tsibirai. Duka-duka ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gaɓar ba.

A cikin tsibiran nan ne ƙwayoyin beta suke, kuma su kaɗai ne ke yin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka da sauran sassan jiki don a samu kuzari.

Idan ƙwayoyin beta suka ƙare, suga sai ya taru a jini. Ƙoda ta shiga fitar da shi ta fitsari, yaro ya riƙa yawan fitsari da ƙishirwa, yana ci yana ramewa.

Da jiki ya rasa suga sai ya koma ƙona kitse, wannan kuma ya tara wani irin asid a jini. Daga nan sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, sai doguwar suma, sai mutuwa idan ba a kai ɗauki ba.

Kafin 1922 yaron da ya kamu da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. A watan Janairun shekarar ne aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar insulin a birnin Toronto na Kanada, bayan aikin da Frederick Banting da Charles Best suka yi a 1921.

Insulin ya ceci rayuka, sai dai ya bar tambaya ɗaya a buɗe: mene ne ya kashe ƙwayoyin beta tun farko?

Yadda aka gano mai laifin

A 1965 wani likita ɗan Beljiyam, Willy Gepts, ya duba fankiriyas ɗin yara da matasan da suka rasu ba da daɗewa ba bayan ciwon ya bayyana. A mafi yawansu ya ga fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin garkuwar jiki, sun yi wa tsibiran ƙawanya kamar yadda suke yi wa ƙwayar cuta.

A 1974 kuma Gian Franco Bottazzo da Deborah Doniach, suna aiki a Landan, suka gano wasu antibodi a jinin masu ciwon, waɗanda ke mannewa a jikin tsibiran.

Antibodi wasu sinadarai ne da garkuwar jiki ke ƙerawa domin su maƙale wa abokin gaba, su yi masa shaida. Ganin su a kan tsibirai ya nuna cewa jiki ya ɗauki wani sashe nasa a matsayin baƙo.

Daga baya an tantance su ɗaya bayan ɗaya. A 1983 aka gano wanda ke kai wa insulin kansa hari, a jinin mutanen da ba a taɓa yi musu allurarsa ba. A 1990 aka gano cewa wani yana bin sinadarin da ake kira GAD ne. Yau manyan antibodi huɗu ake nema a gwajin jini.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Jami'ar Minnesota a Amurka a farkon shekarun 1980. Likitoci sun ɗebi wani yanki na fankiriyas daga tagwai mai lafiya suka dasa wa ɗan uwan tagwaicinsa mai ciwon suga. Da yake tagwayen masu kama ɗaya ne, ba a ba su maganin danne garkuwar jiki ba, saboda jiki ba zai ƙi dashen ba.

Da farko ciwon ya tafi. Cikin makonni zuwa 'yan watanni ya dawo. Da aka duba, sauran sassan dashen suna nan lafiya, ƙwayoyin beta kaɗai aka bi aka kashe. Garkuwar jikin ba ta manta da su ba, duk da shekarun da suka shuɗe.

A shekarun ne kuma aka gwada maganin cyclosporine, mai danne garkuwar jiki, a Kanada da Faransa. Ya rage ɓarnar na ɗan lokaci, amma yana cutar da ƙoda, kuma da an daina sha ciwon kan ci gaba.

Bincike ya nuna ba antibodi ne ke kisan ba. Su kamar hayaƙi ne da ke nuna akwai gobara. Masu aikin kisan wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira ƙwayoyin T.

Inda horo ke kuskurewa

Kowace ƙwayar T sai ta bi ta wata ƙaramar gaɓa mai suna taimos, da ke bayan ƙashin ƙirji, kafin ta fita aiki. A can ake nuna mata samfurin sassan jiki daban-daban, har da insulin. Wadda ta yi yunƙurin kai wa samfurin hari, a nan ake hallaka ta.

Tantancewar ba ta cika ɗari bisa ɗari. Ko a jinin masu lafiya akan samu ƙwayoyin T da za su iya gane ƙwayoyin beta. Abin da ke hana su ɓarna shi ne wani rukuni na ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda aikinsu shi ne kwantar da 'yan uwansu.

Masanin Japan Shimon Sakaguchi ne ya bayyana wannan rukuni a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka suka gano ƙwayar gadon da rukunin ya dogara da ita, mai suna FOXP3. Jarirai maza da aka haifa da matsala a wannan ƙwayar gado kan kamu da ciwon suga tun suna 'yan makonni ko watanni, tare da wasu cututtukan garkuwar jiki.

Wannan aiki ne ya sa aka ba su ukun kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025.

Akwai wata hujjar daga ɓangaren masu cutar kansa. Wasu sababbin magunguna na aiki ne ta hanyar sakar wa ƙwayoyin T linzami don su yaƙi kansar. A cikin 'yan kaɗan daga masu karɓarsu, ciwon suga irin na yara kan bayyana farat ɗaya, ko da kuwa tsofaffi ne.

Gado na da hannu, amma bai isa shi kaɗai ba

Kusan rabin haɗarin da ake gada yana tattare ne a wani rukunin ƙwayoyin gado da ake kira HLA. Su ne ke tsara yadda ake nuna wa ƙwayoyin T guntayen abubuwa domin su tantance na gida da baƙo.

Wasu nau'o'in HLA, musamman DR3 da DR4, na ƙara haɗari sosai, yayin da wasu ke ba da kariya. Bayan su an gano wasu wurare da dama a ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarin kaɗan-kaɗan.

Duk da haka, kusan 9 cikin kowane yara 10 da aka gano suna da ciwon ba su da uba ko uwa ko ɗan uwa mai shi. Kuma yawancin masu ɗauke da HLA mai haɗari ba sa kamuwa har su tsufa.

Ko tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya kan kamu ɗaya ya tsira, ko kuma na biyun ya kamu bayan shekaru masu yawa. Wani abin mamaki kuma, yaron da mahaifinsa ke da ciwon ya fi wanda mahaifiyarsa ke da shi shiga haɗari, kusan ninki biyu.

Ƙasar Finland ce ta fi kowace ƙasa yawan yaran da ke kamuwa. A farkon shekarun 1950 kimanin yara 12 cikin kowane 100,000 ne ke kamuwa a shekara. Zuwa 2006 adadin ya haura 60. Gadon al'umma ba ya sauyawa cikin shekara 50, don haka wani abu ne ya sauya a rayuwar yaran.

A gabashin Finland akwai yankin Kareliya na Rasha. Yanayinsu ɗaya, kuma yawan masu HLA mai haɗari kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Amma a shekarun 1990 yaran Finland sun ninka na Kareliya kusan sau shida wajen kamuwa.

Bambancin da ke tsakaninsu na arziki ne da tsafta da yanayin zama. Yaran Kareliya sun fi cuɗanya da ƙwayoyin cuta tun suna ƙanana.

Yara 8,676 da aka bi tun daga haihuwa

Domin gano abin da ke kunna wutar, a 2004 aka fara wani gagarumin bincike mai suna TEDDY da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka ɗauki nauyinsa, a cibiyoyi shida: uku a Amurka, sai Finland da Jamus da Suwidin.

An gwada jinin jarirai fiye da 424,000, aka zaɓi 8,676 masu HLA mai haɗari, aka shirya bin su har su kai shekara 15.

Ana ɗibar jininsu duk wata uku har su kai shekara huɗu, daga nan duk wata shida. Iyaye na aika samfurin bayan gidan yaran duk wata a shekarun farko, suna rubuta abin da suka ci da duk wani zazzaɓi ko mura da maganin da suka sha. Hatta farcen ƙafar yaran da ruwan famfon gidajensu an riƙa ɗiba.

Abu na farko da ya fito fili shi ne harin kan fara da wuri ƙwarai. A yara da yawa antibodin farko kan bayyana ne a kusa da cikarsu shekara ɗaya zuwa biyu, alhali ciwon ba zai fito ba sai bayan shekaru.

Na biyu, hanyar ba ɗaya ba ce. Akwai yaran da antibodin insulin ke fara bayyana a jininsu, yawanci tun suna goye, kuma sun fi zama masu DR4. Akwai waɗanda na GAD ke farawa, yawanci bayan sun ɗan tasa, kuma sun fi zama masu DR3.

Masana a Jami'ar Exeter ta Ingila, da suka duba fankiriyas ɗin waɗanda suka rasu, sun ga irin wannan rabuwa. A yaran da ciwon ya kama kafin shekara 7 harin ya fi tsanani, ƙwayoyin beta kaɗan ke saura. Waɗanda ya kama daga shekara 13 zuwa sama kan rage da ƙwayoyin beta masu yawa, duk da cewa ba sa aiki yadda ya kamata.

Waɗanda ake zargi da waɗanda aka wanke

Wanda aka fi zargi shi ne wani dangin ƙwayoyin bairos da ke zama a hanji, mai suna enterobairos, musamman reshen da ake kira Coxsackie B. Yawanci ɗan zazzaɓi ko mura yake sa yaro, ya wuce ba a ma sani ba.

A 2019 masu binciken TEDDY suka ruwaito cewa yaran da wannan bairos ya daɗe a hanjinsu, ana ta ganinsa a bayan gidansu wata bayan wata, sun fi saurin fara yin antibodi. Kamuwa ta ɗan lokaci ba ta nuna wannan alaƙa ba.

A Norway an ɗebi ɗan yankin fankiriyas daga manya shida da ciwon bai daɗe da kama su ba, aka ga alamun bairos ɗin a tsibiransu. Daga nan masanan suka gwada magunguna biyu masu yaƙar bairos a kan yara 96 da aka gano ciwonsu kwanan nan.

Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna cewa bayan shekara ɗaya waɗanda suka sha maganin sun fi sauran riƙe ragowar insulin ɗin jikinsu. A Finland kuma an ƙera allurar rigakafin Coxsackie B, an yi mata gwajin matakin farko a kan manya.

Na biyu a jerin zargi su ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjin jariri, waɗanda ke horar da garkuwar jikinsa a shekarun farko.

Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya bi jarirai 222 a Finland da Estoniya da Kareliya har shekara uku. An ga cewa bakteriyar da ta fi yawa a hanjin jariran Finland da Estoniya ba ta motsa garkuwar jiki sosai, saɓanin ta jariran Kareliya. Tunanin masanan shi ne garkuwar da ba ta samu horo da wuri ba ta fi saurin yin kuskure.

Akwai kuma masu ganin ƙwayoyin beta na da nasu hannun. Aikin yin insulin mai wahala ne, kuma idan ƙwayoyin suka galabaita sukan fitar da gurɓatattun sinadarai. A 2016 masana a Jami'ar Colorado suka gano cewa guntun insulin kan haɗe da guntun wani sinadari ya zama sabon abu da ba a taɓa nuna wa ƙwayoyin T a taimos ba, sai su ɗauke shi baƙo.

Madarar shanu ta daɗe tana shan zargi. Domin a raba gardama aka yi gwaji a kan jarirai 2,159 a ƙasashe 15. Rabinsu aka ba su madarar gwangwani ta yau da kullum bayan nonon uwa, rabi kuma wadda aka farfasa sinadaran shanun da ke cikinta. Sakamakon 2018 ya nuna babu bambanci a yawan waɗanda suka kamu.

Alluran rigakafin yara ma an bincike su. A Denmak an bi bayanan duk yaran da aka haifa daga 1990 zuwa 2000, fiye da 700,000. Rahoton da ya fito a 2004 bai samu wata alaƙa tsakanin rigakafi da ciwon suga ba.

Har yanzu babu wani abu guda da aka tabbatar shi ne ke kunna wutar a kowane yaro. Inda masana suka fi karkata shi ne haɗuwar abubuwa: gado mai rauni, da wani abu daga muhalli, a daidai lokacin da garkuwar jiki ke koyon aikinta.

Ciwon na da matakai uku

Tun a 1986 masanin Amurka George Eisenbarth ya bayyana cewa ciwon a hankali yake tafiya. A 2013 aka samu alƙaluman da suka tabbatar da haka, bayan an haɗa bayanan yara 13,377 daga jihar Colorado da Finland da Jamus.

Cikin yaran da aka samu da antibodi iri biyu ko fiye, kusan kashi 70 cikin 100 sun kamu cikin shekara 10. Masu iri ɗaya kacal, kusan kashi 15 ne suka kamu.

Saboda haka a 2015 manyan ƙungiyoyin masana suka raba ciwon mataki uku. A na farko akwai antibodi biyu ko fiye, amma sugan jini daidai yake. A na biyu sugan ya fara tangarɗa, yaro bai ji komai ba. A na uku ne ƙishirwa da fitsari da rama ke bayyana.

Ma'ana, ranar da iyaye suka ga alama, an riga an yi nisa.

Wannan ya sa wasu ƙasashe suka fara gwada yara masu lafiya. A jihar Bavariya ta Jamus an fara a 2015, da ɗigon jini daga yatsa. Cikin yara 90,632 'yan shekara 2 zuwa 5, an samu 280 da ciwon ya fara kamawa ba tare da alama ba.

An koya wa iyayensu abin da za su lura da shi, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikin yaran suka kai ga taruwar asid a jini lokacin da ciwon ya fito. A 2023 Italiya ta kafa dokar yin irin wannan gwaji ga yara a faɗin ƙasar.

Maganin farko da ya jinkirta ciwon

A 2019 wata tawaga ƙarƙashin Kevan Herold na Jami'ar Yale ta fitar da sakamakon gwajin wani magani mai suna teplizumab, wanda ke mannewa a jikin ƙwayoyin T ya rage musu kaifi.

Mutum 76 ne suka shiga gwajin, yawancinsu yara, dukkansu 'yan uwan masu ciwon kuma suna mataki na biyu. An yi wa wani rukuni daga cikinsu ƙarin ruwan maganin ta jijiya na kwana 14, sau ɗaya tak.

A rukunin da ba a ba maganin ba, rabinsu sun kamu cikin kimanin wata 24. A rukunin da aka ba, sai da aka kai kimanin wata 48.

A watan Nuwamban 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi ga masu shekara 8 zuwa sama, shekara 100 bayan allurar insulin ta farko. Ba ya warkarwa, jinkiri kawai yake kawowa. Kuɗin da aka sa masa a lokacin ya kusa dala 194,000.

Akwai wasu magungunan a hanya. A Ostireliya an gwada ƙwayar baricitinib, wadda ake ba masu ciwon sanyin gaɓoɓi, a kan mutum 91 da ciwon bai daɗe da bayyana a jikinsu ba. Sakamakon 2023 ya nuna ta taimaka wajen kare ragowar ƙwayoyin beta.

Yaran Afirka fa?

Kusan duk wannan ilimi daga yaran Turai da Amurka aka samo shi. Da aka auna shi a kan yaran Afirka, sai wani sabon abu ya ɓullo.

A 2025 wata tawaga ƙarƙashin Dokta Jean Claude Katte, ɗan ƙasar Kamaru, ta wallafa binciken mutum 894 daga Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu. Dukkansu an gano ciwonsu kafin su kai shekara 30, an ce musu nau'i na ɗaya ne, kuma suna yin allurar insulin.

Kusan kashi 65 cikin 100 ba su da antibodin da aka saba gani, kuma ba su da irin gadon da ke tafiya da harin garkuwar jiki. Jikinsu dai ba ya yin isasshen insulin, amma alamu sun nuna ba garkuwar jiki ce ta jawo ba.

Masanan na duba ko ƙarancin abinci mai gina jiki ko wasu cututtuka ne sila. A shekarar ce kuma Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'in da ke da nasaba da tamowa, ta kira shi nau'i na biyar.

Wannan na da muhimmanci, domin gwajin antibodi da magani irin teplizumab an yi su ne don harin garkuwar jiki. Ba za su amfani yaron da ciwonsa ya fito ta wata hanya ba. Amma ko wane iri ne, yaron da likita ya ɗora a kan insulin bai kamata a tsayar masa da shi ba.

Matsalar gaggawa a ƙasashe matalauta ita ce gano ciwon ma tukuna. Ƙiyasin nan na 2022 ya nuna cewa yaro ɗan shekara 10 da ya kamu a ƙasa mai arziki na iya ƙara shekara 65 a duniya, amma takwaransa a ƙasa matalauciya shekara 13 kacal. Ya kuma ƙiyasta cewa mutum 35,000 sun mutu a 2021 cikin shekara guda da fara alamu, ba tare da an gano abin da ke damunsu ba.

Yaron da aka kawo asibiti yana amai da ciwon ciki da haki, cikin sauƙi akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko taifod ko ciwon haƙarƙari.

Alamun da likitocin yara ke jan hankali a kansu ba su da wuyar ganewa: ƙishirwar da ba ta ƙarewa, yawan fitsari dare da rana, yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, rama duk da cin abinci, da kasala. Wasu iyayen kan lura tururuwa na taruwa inda yaron ya yi fitsari.

Gwajin suga da ɗigon jini daga yatsa bai wuce minti ɗaya ba. Yaron da ya nuna waɗannan alamu, a ranar ya kamata a kai shi a gwada, domin a wannan mataki kwana biyu ko uku na iya kai shi ga suma.